SOJA, WAYAR TAURARON ƊAN ADAM DA AMANAR SIRRI



Bayan karatun Magariba a Kawo, wata baiwar Allah ta aiko da tambaya. Ɗanta soja ne, yana daji inda babu sabis, sai da wayar tauraron ɗan adam yake kiranta. In ta ce "kuna ina?" sai ya kauce. Wai wannan ba saɓa wa iyaye ba ne?

A'a Hajiya, ɗanki amana ya riƙe.

Irin wannan wayar, kamar Thuraya, ba ta bi ta eriyar unguwa, sama take harba saƙo kai tsaye. To duk mai na'urar sauraro yana iya gano daga inda saƙon ya tashi, ko bai ji me aka ce ba. A watan Afrilun 1996 haka Rasha ta kashe shugaban Checheniya, Dudayev: yana cikin magana da irin wayar nan aka gano wurin, makami ya sauka. A ranar 24 ga Fabrairun 2022 kuma, ranar da Rasha ta shiga Yukiren, an yi kutse a hanyar sadarwar kamfanin Viasat da sojojin Yukiren ke amfani da ita, dubban na'urori suka mutu lokaci guda. Manyan ƙasashe fa ke nan!

Kuma abin ba sabo ba ne. A shekara ta 8 bayan hijira Manzon Allah (SAW) ya ɓoye shirin tafiya Makka, amma Haɗib bin Abi Balta'a (RA) ya rubuta wa Ƙuraishawa wasiƙa, wata mata ta ɓoye ta a kitsonta, sai da aka tura su Sayyidina Ali suka karɓo. Haɗib ba munafuki ba ne, ya halarci Badar. Tsoron abin da zai sami iyalinsa ne ya ja shi. Kun ga ta ƙofar iyali sirrin ya so fita.

Mu nan arewacin Kaduna, daga Kawo zuwa Mando, bariki muke maƙwabtaka da shi, kuma ba mu manta harin NDA na Agustan 2021 ba. Don haka Hajiya, in ya kira, a gaisa, ki sa masa albarka, ki bar shi ya kashe da wuri. Hotonsa da kaki da sunan dajin kuwa, don Allah kada ƙannensa su ɗora a WhatsApp.

Allah Ya dawo miki da shi lafiya.