Darasi Kan Ƙidayar Hayaƙin Ma'aikata

Hayaƙin janareta da na motoci yana ɗauke da iskar kabon, wadda take ƙara zafin duniya. Dokar Sauyin Yanayi ta 2021 ta wajabta wa kowane kamfani mai ma'aikata 50 ko fiye ya ɗauki matakan rage ta.

Ragewa kuwa sai da ƙidaya. Kowace lita ta man dizal tana fitar da kusan kilo 2.7 na wannan iska. Ke nan ofishin da yake ƙona lita 100 kowane mako a Gwarinpa yana sakin kimanin tan 14 a shekara.

Saboda haka, akawu ya adana rasidin mai da na wuta, a haɗa lissafi ƙarshen shekara. Sannan a gyara injuna, a koma ga lantarkin hasken rana. Raguwar hayaƙi raguwar kuɗin mai ce.