Murar Jika Na Iya Kwantar da Kaka a Asibiti

A gidajenmu, yaro mai majina a hanci ba ya tayar wa kowa hankali, kuma ɗakin kaka ne wurin kwanansa. Ta goya shi, ta share masa hanci da bakin zani, su ci tuwo kwano ɗaya. To, cikin ƙwayoyin cutar da ke kawo irin wannan mura akwai wadda likitoci ke kira RSV, kuma kusan kowane yaro yana kamuwa da ita kafin ya cika shekara 2. Kamuwa sau ɗaya ba ta hana a sake kamuwa. Matashi mai lafiya kan warware cikin mako ɗaya ko biyu, amma a jikin dattijo tana iya gangarawa huhu.

An daɗe ana ɗaukarta ciwon jarirai. Amma wani bincike da aka yi a Rochester ta Amurka, aka wallafa a 2005, ya nuna cewa cikin manyan da aka kwantar da RSV kashi 8 cikin ɗari sun rasu, kusan daidai da kashi 7 na masu murar fulu. Abin da ke ƙara mata haɗari shi ne tada ciwon da ke kwance. Mai asma ko tsohon ciwon huhu sai numfashi ya sarƙe, mai raunin zuciya sai ƙafafu su kumbura, ya kasa kwanciya sai a jingine. Masu ciwon suga da ciwon ƙoda su ma suna cikin sahun gaba.

Kada ku jira zazzaɓi kafin ku damu, domin tsoho na iya jigata alhali jikinsa ba zafi. Ku zauna kusa da shi ku duba ƙirjinsa, ku ƙirga numfashinsa na minti ɗaya. In ya haura 24 alhali yana zaune ba abin da yake yi, ko yana haki tsakanin kalma da kalma, ko ƙirjin na fito kamar usur, asibiti za a nufa a ranar. Haka nan in Baba da ya saba tashi da asuba ya koma barci ba ƙaƙƙautawa, ya daina cin abinci, ko ya fara ruɗewa yana kiran sunayen da ba su ba. Mutane kan ce tsufa ne, alhali sau da yawa iskar oksijin ce ta yi ƙasa a jini. Gidan da ke da 'yar na'urar nan ta auna oksijin da ake maƙalawa a yatsa, in ta nuna ƙasa da 92, a kama hanya.

Zuwa kemis a haɗo kafso ɓata lokaci ne. RSV bairos ce, maganin kashe bakteriya ba ya taɓa ta, sai in likita ya ga wata cutar ta hau kai. Abin da asibiti ke yi shi ne sa oksijin, ƙarin ruwa, da lura da zuciya. In za ku tafi, ku kwashi duk magungunan da yake sha a leda ku nuna wa likita. Bayan sallama ma a ci gaba da sa ido, don ƙarfin tsoho kan ɗauki makonni kafin ya dawo.

Tun 2023 Amurka ta amince da allurar rigakafi ga dattawa, irin su Arexvy da Abrysvo, Ingila kuma ta fara yi wa masu shekara 75 zuwa 79 a 2024. Mai hali ya tambayi likitansa ko ana samu. Sauranmu kuwa, sabulu da ruwa ne a hannu, domin ƙwayar na yin sa'o'i a kan kofi da marfin ƙofa. Yaro mai mura ya koma ɗakin uwarsa na mako guda, a ware wa kaka kofinta da butarta, a buɗe taga. Za ta yi ƙorafin an raba ta da mai gidanta, ku ba ta haƙuri ku tsaya a kan bakanku.