SARKIN HAIDARABAD NA ƘARSHE DA FITINAR 1948

Ɗalibin hadisi da ya taɓa buɗe tsohon bugun Sunanul Kubra na Baihaƙi, ko Mustadrak na Hakim, ko Tahzibut Tahzib na Ibnu Hajar, zai ga an rubuta a bangonsa cewa a Haidarabad ta ƙasar Indiya aka buga shi, a ma'aikatar Da'iratul Ma'arif. A nan ne Shaikh Abdurrahman al-Mu'allimi ya yi shekaru yana gyaran littattafai. To yau darasinmu a kan sarkin wannan ƙasa ne na ƙarshe, Mir Usman Ali Khan, wanda ake wa laƙabi da Nizam.

Ya hau gadon sarauta a 1911, ƙarƙashin inuwar Turawan Ingila. Dukiya kam Allah ya ba shi, har mujallar Time ta Amurka ta sa hotonsa a bango a 1937 a matsayin wanda ya fi kowa kuɗi a duniya. Kuma ya yi aikin alheri da ita. Shi ya kafa Jami'ar Usmaniyya a 1918. Da Turkiyya ta rushe halifanci ta kori Halifa Abdulmajid a 1924, Nizam ne ya yanka masa albashi, daga baya ma ɗansa ya auri 'yar halifan. Bai tsaya kan Musulmi kaɗai ba, har jami'ar Hindu ta Banaras ya ba gudummawa.

Amma ga inda gizo ke saƙar. Mutanen ƙasarsa sun kai miliyan 16, kuma fiye da kashi 80 cikin 100 mabiya addinin Hindu ne. Duk da haka manyan muƙamai, da soja, da 'yan sanda, galibi a hannun Musulmi suke. Harshen gwamnati Urdu ne, alhali talakawa Telugu da Marati da Kannada suke ji. Wannan ƙorafi ya daɗe yana cin mutane a rai, kuma sarki bai gyara shi da wuri ba.

Da Turawa suka tafi a Agustan 1947, aka raba ƙasa biyu, Indiya da Pakistan. Nizam ya ce shi ba ya shiga ko ɗaya, ƙasarsa za ta ci gashin kanta. Ka duba taswira, ɗan uwa: Indiya ce ta kewaye shi gabas da yamma, kudu da arewa, ko gaɓar teku ba shi da ita.

A wannan hali ne wani lauya mai zafin baki, Ƙasim Rizwi, ya samu fili. Shi ke jagorantar rundunar sa-kai da ake kira Razakar. Yana tara matasa yana musu alkawarin sai sun kafa tutar Nizam a Delhi. Yaransa suka riƙa afka wa ƙauyukan Hindu, suna kisa da ƙone-ƙone, wai da sunan kare Musulunci. Wane Musulunci ne ya halatta jinin manomin da bai ɗauki makami ba? Musulmin da ya ce a bi a hankali ma bai tsira ba. Ɗan jarida Shu'aibullah Khan, da ya goyi bayan a shiga Indiya, kashe shi aka yi a Agustan 1948. A ganina babban laifin sarki shi ne ya bar masu ihu suka fi ƙarfin masu hankali a fadarsa.

Ranar 13 ga Satumba 1948 sojojin Indiya suka shigo. Kwana biyar kacal aka yi, ranar 17 sarki ya miƙa wuya.

Abin da ya biyo baya sai dai Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Aka huce haushin Razakar a kan talakawan Musulmi na karkara, musamman a yankunan Usmanabad, Gulbarga, Bidar da Nanded. Kwamitin Pandit Sundarlal, wanda Firaminista Nehru da kansa ya tura, ya ƙiyasta cewa an kashe mutum 27,000 zuwa 40,000. Gwamnati ta ɓoye rahoton shekaru da dama. Adalci ne kuma mu faɗa, rahoton ya ambaci Hindu da suka kare maƙwabtansu Musulmi.

Su manyan fa? Indiya ta bar wa Nizam fadojinsa, ta naɗa shi gwamnan jihar daga 1950 zuwa 1956, ya rasu a 1967. Ƙasim Rizwi ya yi zaman kurkuku, aka sake shi a 1957, ya koma Pakistan, can ya mutu a 1970. Allah ya jiƙan waɗanda aka kashe bisa zalunci.