Amsoshin Tambayoyinku: Zaizayar Ƙasa a Tuddan Adar

Wani mai sauraro daga jihar Tawa ta Jamhuriyar Nijar yana neman bayani kan dalilin da ya sa ruwa ke cinye gonaki a tuddan Adar, alhali yankin yana fama da ƙarancin ruwan sama.

Masana sun nuna cewa ƙarancin ruwan na cikin musabbabin matsalar, domin rani mai tsawo da kiwo da saran itace kan bar gangaren dutse tsirara, sai ruwan farkon damina ya sauko da ƙarfi a kan ƙasar da babu ciyawar da za ta tare shi. Ɗigon ruwan yakan farfasa ƙasar sama, ƙananan ɓarɓashinta su toshe ƙofofin da ruwa ke nutsewa, wuri ya zama fako, wato ƙasa mai tauri wadda ba ta shan ruwa. Daga nan ruwan duk gangaren da ke malala zuwa kwari ɗaya yakan haɗu, ya haƙa kwazazzabo, ya binne gonakin fadama da yashi, abin takaici kuwa shi ne manomin kwari ke ɗaukar asarar ɓarnar da ta faro daga tudu.

Shirin raya karkara na Keita da ke yankin Adar, wanda aka fara a 1984 da tallafin Italiya, ya tunkari matsalar tun daga saman tudu: an jera duwatsu a gicciye da gangare, an haƙa ramukan tare ruwa aka dasa itatuwa, an gina ƙananan madatsu a cikin ƙoramu, kuma mata ne suka ɗauki kaso mai yawa na wannan aiki mai wahala.