Ba Kowane Ciwon Bayan Mai Jego Ba Ne Sanyi

Da wuya ka ga mai jegon da ba ta koka da ciwon baya. Yawancinsa gajiyar ciki ce da ɗawainiyar raino, kuma yana wucewa da kansa. Amma akwai wani iri da ke iso mana asibitin ƙashi bayan an sha wahala an ɓata lokaci, wato zaizayewar ƙashi ta dalilin ciki da shayarwa. Tun 1955 likitoci suka bayyana wannan lalura, amma har yau ana yawan kuskure ta.

Kafin haihuwa, jariri na ɗibar kalsiyam kusan giram 30 daga jikin uwa, mafi yawa a watanni ukun ƙarshe. Bayan haihuwa nono na fita da miligiram 200 zuwa 300 kullum, ga shi sinadarin estrojin mai kare ƙashi ya yi ƙasa, sai jiki ya riƙa cirowa daga ƙashi. A wata shida na shayarwa, kaurin ƙashin baya kan ragu da kashi 3 zuwa 10 cikin 100, ya kuma farfaɗo cikin shekara guda bayan yaye. Haka Allah Ya tsara, don haka kada kowa ta ji tsoron shayarwa. Tsirarun mata ne abin ke wuce gona da iri har ƙashi ya karye.

Yawanci haihuwar fari ce. Mai jego ta sunkuya za ta ɗauki jariri, sai ta ji baya ya riƙe. Daga nan juyi a gado ya gagara, goyo ya gagara, sallah sai a zaune. A gida a ce sanyi ne, a ƙara wa ruwan wanka wuta, ko a ɗora laifin kan allurar baya ta tiyata, a kira mai tausa. Da muka ɗauki hoto sai mu tarar gaɓa biyu ko uku na ƙashin baya sun lotse, har tsawonta ya ragu.

Haɗarin ya fi yawa ga mace mai rama sosai, da wadda ke da gadon raunin ƙashi, da wadda ta daɗe kan allurar heparin ko magunguna irin su prednisolone da dexamethasone. Na ƙarshen nan yana cikin ƙwayoyin ƙiba da ake kira sha ka fashe.

Muna farawa da hoton ƙashi ko MRI, sai na'urar DXA mai auna kaurin ƙashi, da gwajin jini na kalsiyam, bitamin D, ƙoda da maƙoshi. Idan karaya ta tabbata, mukan ba da shawarar yaye, a ba ta kalsiyam da bitamin D, maganin ciwo, ɗamarar baya da motsa jiki a hannun ƙwararru. Idan abin ya yi tsanani akan yi mata allurar teriparatide. Magunguna irin su alendronate kuwa suna daɗewa a ƙashi, shi ya sa muke taka-tsantsan da su ga mai son ƙara haihuwa.

Maigida, ka wadata mai jego da kindirmo, madara, zogale, riɗi da ƙananan kifi, a kuma ba da tazara tsakanin haihuwa. Ke kuma 'yar'uwa, ciwon bayan da ya hana ki tashi ko ɗaukar jaririnki, kada ki bari a danna shi da tausa. Ki je asibiti a ɗauki hoto.