Darasin Ilmin Falaki: Haijiya, Baƙin Dutsen Sararin Samaniya

Ya ku ɗalibai, ku sani tsakanin Mirrihu da Mushtari akwai duwatsu masu ɗimbin yawa da ke kewaya rana. Larabawa na ce musu kuwaikibat, wato ƙananan taurari. Darasinmu na yau a kan ɗaya daga cikinsu ne, mai suna Haijiya.

Haijiya na can gefen waje na wannan jerin duwatsu, ɓangaren Mushtari. Nisansa daga rana ya ninka namu sau uku da ɗoriya, kuma sai ya yi shekara 5 da rabi kafin ya kewayo ta sau ɗaya. Faɗinsa kimanin kilomita 430 ne. Shi ne na huɗu wajen girma, bayan Siris da Besta da Falas.

To, ga abin lura. An gano Juno tun 1804, alhali bai kai Haijiya girma ba. Shi kuwa Haijiya sai ranar 12 ga Afrilu, 1849 wani masani mai suna Annibale de Gasparis ya hango shi daga birnin Nafoli na Italiya, ya zama na goma. Me ya jawo wannan jinkiri?

Dalili biyu ne: nisa da baƙi. Waɗannan duwatsu ba su da hasken kansu, na rana suke maidowa. Jikin Haijiya kuwa yana ɗauke da sinadarin kabon, wanda shi ne asalin gawayin da ake haɗa tawadar allo da shi. Saboda haka cikin kashi 100 na hasken da ya sauka a kansa, wajen kashi 7 kaɗai yake maidowa, sauran ya shanye. Ashe rashin ganin abu ba ya nufin ƙanƙantarsa.

A 2019 wani babban madubin hangen nesa a ƙasar Chile ya nuna cewa Haijiya kusan mulmulalle ne kamar ƙwallo, yana juyawa sau ɗaya cikin awa 14 ba kaɗan.

Aikin gida: da daddare ku ajiye gawayi babba da ɗan guntun alli a tsakar gida, ku ja da baya taku goma, ku haska tocila. Wanne kuka fara gani? Ku yi wa iyayenku bayanin dalili, sannan ku rubuto amsa.