Idan Aka Nuna Wa Mutum Bindiga: Abin Yi A Lokacin, Da Abin Yi Bayan An Tsira

Barazana da bindiga ta shiga rayuwar mutanen kudancin jihar Sakkwato daga baya, bayan ta daɗe tana addabar gabashin jihar, wato Isa da Sabon Birni da Goronyo da Raɓah. Garin Tambuwal yana kan babbar hanyar da ta tashi daga Sakkwato ta nufi Jega, hanyar da fatake da direbobi ba sa rabuwa da ita dare da rana. Ita kuwa ƙaramar hukumar Kebbe ta yi iyaka da Zamfara ta wajen Gummi, kuma dazuzzukan da ke tsakani sun zama mashigar ɓarayin daji. A watan Satumban 2021 sai da aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 14 na jihar saboda matsalar, sannan a watan Nuwamban shekarar Babbar Kotun Tarayya da ke Abuja ta ayyana ƙungiyoyin 'yan bindiga a matsayin 'yan ta'adda. Duk da haka, manomi a gona da direba a hanya da magidanci a tsakar gidansa suna ci gaba da samun kansu gaban bakin bindiga, kuma mafi yawansu ba a taɓa gaya musu abin da ya kamata su yi ba.

Abu na farko da ya kamata a sani shi ne, a irin wannan lokaci jiki yana riga hankali yanke hukunci. Da zarar ido ya ga bindiga, jiki yakan saki sinadarin adirenalin cikin jini. Zuciya ta yi ta bugawa, baki ya bushe, hannu ya kama rawa, ji ya ragu, ido ya kafe a kan bakin bindigar har mutum ya kasa ganin abin da ke gefensa. Wani yakan sandare ya kasa motsi ko magana, wani fitsari ya kufce masa. Wannan yana faruwa ga soja da mafarauci kamar yadda yake faruwa ga tsohuwa, kuma ba shi da alaƙa da ragonci. Muhimmancin sanin haka shi ne, wanda ya san abin da ke damun jikinsa ya fi saurin dawowa hayyacinsa. Hanyar da ta fi sauƙi ita ce jan numfashi a hankali ta hanci, a sake shi a hankali ta baki. Ambaton Allah a zuci yana taimakawa wajen daidaita numfashin, amma a bar shi a zuci ko ƙasa-ƙasa, domin salati da ƙarfi yakan sa mai bindiga ya zaci ana kiran jama'a.

Shi ma mai riƙe da bindigar ba a natse yake ba. Sau da yawa matashi ne, yana tsoron isowar jami'an tsaro ko 'yan sa-kai, wataƙila ya sha ƙwaya, kuma ba a koya masa riƙon makami yadda ya kamata ba. Yatsansa na kan kunama. Harbi da yawa a irin wannan yanayi na firgici ne, ba na niyya ba. Saboda haka aikin wanda aka ritsa da shi guda ɗaya ne: kada ya yi abin da zai ƙara firgita mai makamin. Hannuwa su kasance a buɗe inda za a gan su. Kada a soka hannu cikin aljihu ko ƙarƙashin kujerar mota ba tare da an faɗa ba; a ce, "Kuɗin suna aljihun riga, zan ciro," a jira amsa, sannan a ciro sannu a hankali. Idan an ce a kwanta, a kwanta. Idan an nemi waya ko makullin babur, a miƙa. Amsa ta zama gajeriya, cikin murya ƙasa-ƙasa, babu gardama, babu wa'azi, babu alƙawarin abin da ba za a iya cikawa ba. Ƙarya a kan abin da za a iya ganowa da lalube, kamar a ce babu kuɗi alhali suna jiki, takan jawo dukan da za a iya kauce masa.

Akwai wata ƙa'ida da ta fi muhimmanci a ƙauyukan Tambuwal da Kebbe fiye da a manyan birane, domin a nan mutane sun san juna. Yakan faru wanda aka tare ya gane ɗaya daga cikin maharan, ko ya gane muryar wanda ya rako su. To, kada ya nuna. Kada ya kira suna, kada ya ce ai ya san mahaifinsa, kada ya ƙura masa ido. Mutane sukan zaci sanayya za ta jawo sassauci, alhali ita ce ke mayar da ɗan fashi mai kisa, domin daga wannan lokaci ya san akwai shaida a kansa. A sunkuyar da kai, a bar abin da aka gani a ciki har sai an tsira.

Maganar gudu tana bukatar rarrabewa, kuma babu amsa ɗaya da ta dace da kowane hali. Idan an ji ƙarar babura ko harbi daga nesa, lokacin gudu ke nan, kuma kada a tsaya kwance dabbobi ko tattara kaya. Haka nan idan maharan sun shigo suna harbin duk wanda suka gani, tsayawa ba ta da amfani. Amma idan bindiga tana kan mutum daga 'yan taku kaɗan kuma abin da ake nema dukiya ce, juya baya a ruga shi ne mafi haɗari. Sannan a san bambancin abin da ke ɓoye mutum da abin da ke tare harsashi. Zana da dangar kara da ƙofar kwano da ƙofar mota duk harsashin AK-47 yana ratsa su. Katangar ƙasa mai kauri, ko kwari, ko tudun ƙasa, ko gindin babbar bishiya sun fi su nesa ba kusa ba. Inda babu ko ɗaya, a kwanta rub-da-ciki. Direban da ya hango an tare hanya tun daga nesa yana iya juyawa. Wanda ya riga ya shiga tsakiyarsu kuwa, ya tsaya, ya kashe mota, ya ɗora hannuwa a kan sitiyari, domin rayukan fasinjoji ma suna wuyansa.

Kokawar ƙwace bindiga ba shawara ba ce ga wanda bai samu horo ba, musamman da yake maharan ba su cika zuwa ɗaya-ɗaya ba. Haka dogaro da laya ko guru ko abin da ake kira maganin bindiga. Ko me mutum ya yarda da shi, bai kamata ya gwada shi da ƙirjinsa ba. Bindigar toka da ke rataye a ɗaki harbi ɗaya take yi kafin a sake ɗura mata, ita kuwa AK-47 gidan harsashinta na ɗaukar 30. Ta fuskar doka ma, Dokar Makamai ta 1959 ta ba hukuma ikon wajabta lasisi har ga bindigar gargajiya. Wanda ke son ba da gudummawa ga tsaron garinsu, hanyar da ta fi ita ce ta tsari, ta hannun uban ƙasa da 'yan sanda da rundunar tsaron al'umma da gwamnatin jihar ta ƙaddamar a 2024.

Wani lokaci bindigar da aka nuna wa mutum ta jami'in tsaro ce a shingen bincike, ko ta ɗan sa-kai. Ƙa'idar ba ta canzawa: a bi umarni a lokacin, a riƙe wuri da lokaci da lambar mota a ka, a kai ƙara daga baya ga DPO ko Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa. Gaskiyar mutum ba ta tare harsashi a bakin hanya.

Bayan maharan sun tafi, a ɗan dakata kafin a tashi, domin sukan bar wani a baya. Sai a duba jiki da kyau, saboda adirenalin yana ɓoye zafi, har mutum ya yi tafiya mai nisa da rauni bai sani ba. Inda jini ke zuba, a danne da tsumma mai tsabta da ƙarfi, kada a riƙa ɗagawa ana leƙawa. Idan a hannu ne ko ƙafa kuma jinin ya ƙi tsayawa, a ɗaure tamau sama da raunin da rawani ko ɗankwali, a riƙe lokacin da aka ɗaure don a gaya wa likita. Kada a zuba toka ko ƙasa ko garin magani, kuma kada a tono harsashi a gida. Dokar da aka sa wa hannu a 2017 ta wajabta wa kowane asibiti, na gwamnati ko na kuɗi, ya karɓi mai raunin harbi nan take ba tare da takardar 'yan sanda ba. Asibitin ne zai sanar da su cikin awa 2 da fara magani. Don haka babu dalilin tsayawa neman takarda kafin a isa babban asibitin Tambuwal ko na Kebbe, daga can kuma a wuce Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo idan raunin ya yi tsanani. Macen da aka ci wa zarafi tana bukatar asibiti cikin awa 72, domin a cikin wannan wa'adi ne maganin kariya daga cutar HIV yake aiki. Kunyar iyali takan cinye waɗannan kwanaki uku, kuma ba sa dawowa.

Idan an tafi da waya, a toshe layin da asusun banki a ranar. Lambar kiran gaggawa ita ce 112. A kuma rubuta abin da ya faru tun da zafinsa, ko a sa amintacce ya rubuta: yawan mutanen, baburansu, inda suka fito, inda suka nufa. Kada wanda abin ya shafa ya damu idan ya kasa siffanta fuska. Masana halayyar ɗan Adam sun daɗe da tabbatar da cewa ganin makami yana janye hankali daga fuskar mai riƙe da shi. Tsoron masu kai wa ɓarayi rahoto gaskiya ne, don haka a kai bayani ga jami'i guda da aka amince da shi, ba a majalisa ko a Facebook ba.

Sashen da aka fi sakaci da shi yana farawa ne bayan 'yan jaje sun watse. A makonnin farko yawancin mutane sukan yi fama da rashin barci, da mafarkin abin da ya faru, da zabura in an buga ƙofa ko babur ya wuce, da saurin fushi, da ƙin abinci. Yaro yakan koma fitsarin kwance ko ya maƙale wa uwarsa. Magidancin da aka kwantar a gaban iyalinsa yakan ɗauki wani nauyi na dabam, yana ganin ya gaza, sai ya daina fita majalisa. Ga mafi yawan mutane wannan yana raguwa da kansa idan sun samu barci da abinci da mutanen da suke jin daɗin zama da su. Abin da iyali za su yi shi ne su saurara idan ya so magana, su ƙyale shi idan bai so ba. Sa mutum ya maimaita labarin ga duk wanda ya shigo gaisuwa kamar fama gyambo ne. Kalmomi irin su "ai kai namiji ne" ko "da ni ne da ban yarda ba" suna ƙara ciwo. Abin da ya fi dacewa ya ji shi ne cewa biyayyar da ya yi ita ce ta dawo da shi gida da rai.

A guji neman sauƙi a wurin mai kemis. Tramadol ba maganin tsoro ba ne, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya, a ƙa'idojinta na 2013, ta yi gargaɗi a kan ba da ƙwayoyi irin su Diazepam ga wanda ke cikin razanar farko, domin ba sa warkarwa kuma jiki yana sabawa da su. Addu'a da tofi da nasihar malami suna da gurbinsu, kuma ba sa hana ganin likita.

Dole kuma a bambanta tsoro mai dalili da ciwo. Manomin da ya ƙi zuwa gonar da ke bakin daji a lokacin da ake kai hari, hankali ya yi. Wanda ya kasa zuwa masallacin ƙofar gidansa, ko ya kasa hawa mota ko da rana tsaka cikin gari, wata guda bayan abin ya wuce, shi ne mai bukatar magani. Likitoci suna kiran wannan ciwon razana bayan masifa, kuma ana warkar da shi, galibi ta hanyar zama da ƙwararre a tattauna a kan tsari, wani lokaci a haɗa da magani. Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke Kware shi ne babbar cibiyar wannan aiki a jihar, kuma likitan babban asibiti na iya tura mutum can. Wanda kuwa ya fara maganar gara ya mutu, ko ya daina ci da sha, ko yake shirin ɗaukar fansa da makami, ba a jira wata ya cika: a kai shi a ranar, kuma kada a bar shi shi kaɗai a hanya.